Ni ce fasinjojin mijina

Assalamu alaikum Anti da 'yan uwa masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a karanta har ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

A Garwa nake, unguwar Poumpoumré, da mijina da 'yarmu mai shan nono, in ce mata Ummi. Mijina ɗan gidan mahauta ne amma shi boko ya yi, gyaran waya yake a kasuwa. Tun ina da ciki ya shiga haɗa wani abu na kiran moto, wato babur ɗin haya: ka buɗe a wayarka, ka rubuta inda kake tunda gidajenmu ba lamba, ka danna, mai moto ya zo. Na tambaye shi ina injin abin yake, ya ce ba inji a gidan nan, yana can wurin wani kamfani a ƙasar waje, barci yake sai an danna ya farka. Na ce ai ya fi ka, kai ko an danna ba ka motsi. Haka na yi laulayi, na haihu, na gama wankan jego, mutumin nan fuskarsa na cikin ordinata, kwamfutar nan tasa.

Da ya gama ya roƙi wasu 'yan moto suka shiga, sai shiru. Wa zai kira? Kowace mace a nan tana da mai motonta wanda mijinta ya sani, namiji kuwa karefur, wato mararraba, zai fita ya ɗaga hannu. Ya rame, ya daina magana, in kai abinci in ɗauke yadda na ajiye. Ummi ta fara dariya bai ma gani ba. Ni da me zan ji, da goyo ko da gunki a tsakar gida?

Muna da sola, idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, matan maƙwabta sukan kawo wayoyinsu caji su koma girki. Rannan haushi ya ishe ni, na ɗauki wayar wata na buɗe abin nasa, na rubuta bayan lopital, wato asibiti, na danna. Da na ga mai moto ya amsa sai na soke, na goge komai. Ban ajiye wayar ba sai ga kiransa daga shago: "Maman Ummi, an kira. Wallahi wata ta kira." Ya dawo da gasasshen kifi, ya ɗaga Ummi sama yana ce mata 'yar mai kamfani. To ku gaya min, wace mace ce za ta ga haka ba ta ƙara ba? Na ƙara. Yau bakin gada, gobe bakin kasuwa, duk wayar da aka kawo caji sai ta yi tafiya.

Abin da ban hango ba, shi sai ya ɗauka mutane na so, jinkirin 'yan moto ne ke sa su sokewa. Ina tsakar gida na ji shi a zaure da Baba Hamadu, dattijon mai moto, abokin mahaifinsa.

"Haba Baba, ka yi ta jan ƙafa har fasinja ya gaji ya fasa."

"Ɗana, gudu na yi kamar ɓarawon akuya. Na isa bakin gada, daga ni sai masu wanki. Anya fasinjojin nan naka ba mutanen ruwa ba ne?"

"In ba za ka iya ba ka faɗa, in sa yaro."

Tsohon da ya goya shi yana ƙarami fa. Kunya ta kama ni har na kasa fitowa gaishe shi. Daga ranar na daina. Ashe na ƙara ɓata lamarin, ya ce shi ke nan, mutane sun yi fushi, dole ya sayi motocinsa ya ɗauki samari masu zafin nama. Da me? Da shanun da mahaifinsa ya ware masa, suna ruga a hanyar Figil, har da karsanar da kakan ya ba Ummi ranar suna.

Na ce, "Baban Ummi, saniyar yarinya fa?"

Ya ce, "Moto za ta haifa mata. Ke zo ki ga yadda ake nemanmu." Ya jawo ni gaban ordinata yana nuna min ƙaryata ɗaya bayan ɗaya. "Dubi wannan, har daga bakin kasuwa." Ni kuwa na tuna ina ba Ummi nono na rubuta ta da hannun hagu.

Ya riga ya yi magana da dillali, ranar kasuwar shanu mai zuwa za a koro su. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in ga yana cin abinci har da neman ƙari, in haɗiye. In na faɗa, zai san duk Garwa ba mutum ɗaya da ya taɓa kiran motonsa, zai san a kaina ya ci fuskar Baba Hamadu, matan unguwa su ji abin da nake yi da wayoyin da suka ba ni amana. In na yi shiru, a sayar da saniyar 'yata a sayo wa mutanen da babu su moto. Don Allah 'yan uwa, kafin shanun nan su baro ruga, me zan yi?