Kejin da Ruwan Burtsatse Ya Haɗa

Lamisula, Maiduguri
4 ga Maris, 2024

Yaya Nuraddeen,

Assalamu alaikum. Wushe, sannu da sanyin Turai. Hajja tana gaishe ka, ta ce ko ka manta da kakarka ne.

Ga 'yar kwalba na ba Malam Mikail ya kawo maka. Wata bakwai ke nan ina zuba gishirin ƙarfe da sandunan sinadarin da muke kira ligan a cikin ruwa, ina jira su kama juna da kansu su zama keji: ƙarfe huɗu a kusurwoyi, sanduna shida suna haɗa su, tsakiya fanko. Kwalba takwas duk laka suka ba ni. Ta tara ce kaɗai ta fitar da kiristal, ja wur, ƙanana kamar sukari. Ba mu da na'urar eksire a sashenmu, kuma a Yuni zan kare digirina. Don Allah ka duba mini siffarsu a ɗakin gwajinku.

Ƙanwarka,
Hindu

19 ga Afrilu, 2024

Hindu,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya. Kejinki ya haɗu yadda kika zana, ƙarfe huɗu, sanduna shida. Sai dai ba fanko ba ne. Akwai kulorayid guda ɗaya zaune a tsakiyarsa, irin wanda ke cikin gishirin miya. A jerin kayan da kika rubuto babu shi. Daga ina ya shiga? Ba zan sa hannu a sakamakon ba sai na sani.

Ki gaida Hajja.

Nuraddeen

Lamisula
20 ga Mayu, 2024

Yaya,

Salamu alaikum. Kwana biyu ina jujjuya takardarka kafin na iya ɗaukar biro. Gaskiyar ita ce, a makon da na haɗa kwalba ta tara injin tace ruwanmu ya lalace. Na gaji da jira, sai na ɗebo ruwan burtsatsen bayan sashe na yi aiki da shi, ban kuma rubuta a littafin gwaji ba, alhali ruwan yana da ɗan gishiri. Kunya na ji.

Na je na faɗa wa Dakta Siddiƙa mai duba aikina. Ta tambaye ni ko akwai ragowar ligan. Na ce kaɗan ya rage. Ta ce, "To ki raba shi biyu. Ɗaya da tataccen ruwa zalla, ɗaya ki sa masa gishiri da hannunki."

Yaya, na farkon laka ya koma. Na biyun kuwa a kwana na biyar ya fitar da jajayen nan. Ashe sandunan ba sa jeruwa sai sun sami abin da za su kewaye. Na haɗa sabon ligan na maimaita sau uku, haka ya yi ta fitowa. Ranar da na tabbatar, don murna na sayo wa Hajja kifi banda a hanya, ta ci tana tambayata ko ranar aure aka sa mini.

Ka yafe mini ɓoyewar da na yi.

Hindu

3 ga Yuni, 2024

Hindu,

Alhamdu lillahi. Na sa hannu, ga hotunan siffar. Ki rubuta komai yadda ya faru. Na nuna wa abokan aikina, kuma na gaya musu ƙanwata ce.

Nuraddeen

Lamisula
27 ga Yuni, 2024

Yaya,

Salam. Na kare, an amince. Ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ba ni shawara in cire kalmar "kuskure" daga babi na uku na kundina, wai ba ta yi wa aikin kyau ba. Na yi masa godiya, na ce a bar ta. Dakta Siddiƙa ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Hindu