Tashar Garinmu Ta Mutu Ne Ko Tana Raye? Gyaɗata Na Jira

Zuwa ga Shugaban hukumar da ke da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garinmu, ko wane ne shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni manomi ne, kuma kaina ya ɗaure.

Na farko. A tashar nan mahaifina ya yi dakon buhunan gyaɗa har gashin tsakar kansa ya ƙare. Ina saurayi jirgi ya daina zuwa. Ba wanda ya sanar da mu. Mata suka yi ta soya ƙosai suna jira har suka gaji.

Na biyu. Tun daga nan dandamalin simintin tashar ya zama wurin shanyarmu, don ko'ina a garin nan gona ce ko gida. Mai unguwa ke raba mana kwanaki. Mu muke sharewa, mu muke like inda ya tsage.

Na uku. A daminar bana wasu suka zo da mota, suka shafa wa bangon jan fenti, wai rushewa za a yi. Bayan sati biyu wasu suka shafe jan da fari, wai jirgi zai dawo. Na ƙarshe suka kewaye wurin da waya, wai kayan tarihi ne. To wanne za mu kama? Na je sakatariya, aka tura ni Kano. A Kano aka tambaye ni ko akwai tasha a garinmu.

Na huɗu. Mai gadin da aka sa, Malam Sule, abokina ne tun ƙuruciya. Ya kore ni yana ba ni haƙuri. Shi ma bai san wa ya ɗauke shi aiki ba, kuma tasa gyaɗar na jibge a zaure kamar tawa.

Wannan satin ne rabona na shanya. Da gyaɗar nan iyalina za su ci shekara, ga hadari bai gama ɗaukewa ba. Wallahi tsoro nake ji.

Roƙona, a buɗe mana wayar har mu gama kaka, sannan ku zauna ku daidaita bakinku. Ina roƙon a hanzarta, don da safen nan na ɓare guda daga ƙasan tarin, na tarar ta fara baƙi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya sa takardar nan ta same ka, in kana nan.

Wassalam.

Naka,
Haruna Manomi, Unguwar Tasha.