Dattijo da Ango

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata uwar rigima. Haƙoran nata sun fito, ko har yanzu kuka take muku? Mamanki tana gaishe ki, tun yanzu ta gyara ɗaki kamar gobe za ku iso.

Na ga saƙonki. Wai kin duba a waya kin ga jirgin kamfaninmu da za ku hau shekararsa ashirin da shida, gabanki ya faɗi. Haba Uwata, 'yar makaniken jirgi guda! Wannan ai Dattijo ne, haka muke kiransa a rumfar gyara, kuma na san shi fiye da ɗakin kwanana. Mu ba shekaru muke ƙirgawa ba, awannin tashi muke ƙirgawa da yawan sauka. Kowane ƙarfe a jikinsa da wa'adinsa, in ya cika a cire shi ko yana walƙiya. Bara ma sai da muka tuɓe shi har kujeru, muka bi haƙarƙarinsa da fitila ɗaya bayan ɗaya. Abin da tsufa ya jawo masa shan mai ne da kujera mai ƙara. Jirgin da za ki ji tsoro shi ne wanda aka rubuta an duba alhali ba a duba ba, ko da jiya ya fito daga masana'anta.

To ga abin da na kasa faɗa miki a waya. Sun sallame ni.

Kin tuna dogon nan da yake zuwa gidanmu cin abinci kina firamare, wanda na koya wa riƙe sifana? Yanzu shi ne shugaban gyara, Mai Kwat muke ce masa, don tun da ya samu ofis hannunsa bai ƙara taɓa baƙin mai ba. Watan jiya wani jirginmu ya buga ƙasa da ƙarfi wajen sauka. Doka ta ce a ɗaga shi a kan jek a binciki ƙafafunsa, aikin kwana biyu. Mai Kwat ya ce a leƙa da ido kawai, in buga hatimina a katin aiki, jirgi ya tashi. Na ƙi. Washegari ya tara ma'aikata ya ce idona ya mutu, hannuna ya yi sanyi, ni da Dattijo duk lokacin ritayarmu ya yi. Har da masu dariya, Uwata. Na ajiye hatimi a tebur ɗinsa na fito, shekara talatin da ɗaya.

Ashe bai gama da ni ba. Matar da ke ajiye takardu ta kawo mini kwafin katin har gida. Hatimina ne a kai raɗau, da kwanan watan ranar da na ƙi. Wato in wani abu ya faru, ni za a nema. Sai dai ya manta abin da na koya masa a makon farko: ko allura ba ta fita daga sito sai an rubuta. Mai sito ya ba ni kwafin littafinsa. A ranar nan jek ko ɗaya bai motsa ba.

Takardun biyu suna aljihuna. Saura kwana goma sha tara a ba shi darakta, ranar sufetocin hukuma za su zo, matarsa ma za ta zo. A nan zan ajiye masa su, a gaban kowa, yadda ya yi mini. Wallahi sai ya san wanda ya taɓa. Mamanki ta ce in bar wa Allah, na ce mata na bar masa, amma takardun ban bar su ba.

Ki hau Dattijo hankali kwance. Ki gaishe da maigidan.

Naki,
Babanki


Uwata,

Ina fata kun tashi lafiya, kuma kin huce. Ki ba maigidanki haƙuri, tun da yake bai taɓa jin na ɗaga murya ba sai jiya, kuma ba shi da laifi. Ya ga hankalinki bai kwanta ba duk da wasiƙata, ya sauya muku tikiti zuwa sabon jirginmu mai wata takwas. Miji nagari ke nan.

Wannan sabon shi muke kira Ango. Shi ne jirgin da ya buga ƙasa. Ban faɗa miki sunansa a wasiƙar farko ba, wai ni mai riƙe sirrin aiki.

Da kika ce mini a waya kun koma sabon jirgi, sai na zauna a ƙasan tsakar ɗaki. Bayan na gama yi muku ihu sai Mamanki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai waɗanda suka hau shi jiya da shekaranjiya, su ba su da uba ne?

Na ɗauki biro na yi lissafi a bayan kwafin katin. Kwana goma sha ɗaya takardun nan suna aljihuna. Ango yana tashi sau huɗu a rana, kujerunsa ɗari da tamanin. Duk kwanakin nan ina ce wa kaina sabon ƙarfe ne, zai jure mako uku, ni da na rubuta miki da hannuna cewa ƙarfe bai san sabo ba. Ƙarya na yi wa kaina don ina son ganin fuskar Mai Kwat ranar bikinsa.

Ban jira bikin ba. Da safe na sa tsohuwar rigar aikina na tafi ofishin hukumar kula da jirage, na zauna a benci awa biyu har wata sufeto ta kira ni. Ta jera takardun biyu a tebur, ta duba kati, ta duba littafin sito, ta ɗaga waya. Kafin la'asar an hana Ango tashi, fasinjoji suna ta zagin kamfani a zauren jira. Su yi ta zagi, suna da bakin yi.

Kada ki ɗauka na yafe masa. Haushin da nake ji yanzu ya ninka na da, don ya raba ni da aikina, ya saci sunana, ya kuma sa na zama irinsa na kwana goma sha ɗaya. Ki mayar da tikitinku kan Dattijo.

Naki,
Babanki


Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an mayar da tikitin, madalla. Ki shafa mini kan uwar rigima.

Sun ɗaga Ango a kan jek ranar Talata, a gabana, don sufeton ta ce in tsaya. A ƙafar hagu, inda take haɗuwa da fiffike, aka samu tsaga kamar tsawon ɗan yatsana. Injiniyan hukuma ya ce ba wanda zai iya cewa sauka nawa ta rage mata. Masu dariyar ranar nan ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Mai Kwat an karɓe lasinsa, maganar darakta ta mutu, kuma kotu na jiransa. Na gan shi yana fitowa daga ofis da kayansa a kwali, kwat ɗin a hannu, zufa ta jiƙa masa riga. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Shekaranjiya ya zo gida, ya durƙusa a kan tabarmar da ya saba cin abinci, yana kirana Baba, wai in ce wa hukuma mun yi rashin fahimta ne. Na bar shi ya gama kukansa, na ce Mamanki ta ba shi ruwa, na raka shi ƙofa na rufe.

Saura nawa hukuncin. Na'urar da mai sito ya yi mini kwafi da ita tana buga kwanan wata a ƙasan takarda. Sufeton ta gani tun ranar farko. Da aka gama da Ango ta kira ni gefe ta sa yatsa a wurin, ta tambaye ni ina takardun suke duk kwanakin nan. Da zan iya cewa tsoro nake ji, ko ina neman shawara. Na gaya mata gaskiya, bikinsa nake jira. Sai ta karɓi nawa lasin, kuma a shekaruna na san ba zai dawo ba. Hatimina yana cikin ambulan ɗaya da nasa.

Ranar Asabar da za ku iso ba za su bar ni in shiga cikin filin jirgi ba, zan tsaya a bakin shingen waya wajen da 'yan kallo suke tsayawa. In kin shiga Dattijo ki nemi taga ta dama, ki dubi fiffiken. Akwai wani faci mai kusurwa huɗu da fentinsa ya fi sauran haske. Ni na yi shi, kwana uku na yi a kansa, kuma na duba kafin in buga hatimi. Ki ɗaga jikata ki nuna mata.

Allah ya kawo ku lafiya.

Naki har kullum,
Babanki