Ni Ce Na Nuna Musu Gidan

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, wata biyu ke nan abinci ba ya min daɗi.

Ni tela ce a unguwar Makera a Kaduna, shagona yana bakin layinmu. Wata Laraba da hantsi wasu maza biyu suka tsaya a kan mashin, kaftani fes, gaisuwa har da rusunawa, suka ce katin ɗaurin aure suka kawo wa Alhaji Sabo dillalin filaye, ina ne gidansa. Ni kuma da shegen son a ce na san kowa, ban tsaya a kwatance ba, sai da na fito na nuna musu get ɗin da hannuna, na ce ai yanzu ba ya nan, sai bayan La'asar yake dawowa ya zauna a benci a ƙofar gida. Suka yi godiya, suka ba ni kati ɗaya da alawa, na raba wa masu jiran ɗinki.

Washegari bayan La'asar aka harbe shi a kan wannan bencin. Mutum biyu a mashin. Ba su taɓa wayarsa ba, ba su ɗauki makullin mota ba.

Har yau ba a kama kowa ba, amma kowa a unguwa ya zama ɗan sanda. Wasu su ce rigimar fili ce a Kudenda, wasu su ce siyasa, abin da dai aka haɗu a kai shi ne hayarsu aka yi, kuma ɗan unguwa ne ya ba su lokacin zamansa. A shagona ake wannan lissafin, ina taka keke ina ji.

Yanzu zargi ya sauka a kan Bulus, makaniken Alhaji Sabo na shekara da shekaru, wai an ji suna sa-in-sa a satin. An tsare shi kwana huɗu an sake shi, amma an daina kai masa mota, matarsa ta kwashe yara sun koma unguwar Television wajen yayarta. Kun san Kaduna, irin wannan maganar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya.

Na faɗa wa maigidana, ya ce in kuskura in je ofishin 'yan sanda ni za su fara rufewa, kuma mutanen nan sun san fuskata sun san shagona, in ƙona katin in yi shiru. Muka yi ta yi har ya ce in na fita kar in dawo. Ban ƙona ba. Yana ƙarƙashin yaduka, akwai lambar wayar wanda ya buga shi a ƙasan katin.

Jiya na shiga gaida Hajiya Rabi matar marigayin, tana takaba, ƙawata ce tun muna amare. Ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Maman Ummi, ban yafe wa wanda ya nuna musu gidan nan ba, duniya da lahira." Wallahi da bakina na ce amin.

Jama'a in kai katin ko in bi maganar mijina? In kuma zan faɗa, wa zan fara faɗa wa, 'yan sanda ko ita?