Haruna da masu tsiraicin Jamus

Daren Laraba, unguwar Misfala, Makka

Ƙanena Haruna ya zo umara daga Jamus. Muna cin shinkafa a faranti ɗaya, sai ya kawo labarin maƙwabtansa da ke taruwa bakin tafki tsirara, maza da mata. Wai ba iskanci ba ne. Wai tufafi ne ke nuna wane mai hali, wane lebura. In an tuɓe, kowa ya zama mutum kawai, mai tumbi da mai tabon tiyata su daina jin kunyar jikinsu.

Sai ya ce, "Yaya, kai da kake sayar wa alhazai harami ai ka fi kowa ganewa. A Muzdalifa wa ke bambance minista da direba?"

Na tsame hannuna na ce, "Halas, ya isa! Tashi min daga faranti." A gaban matata. Ya tashi ya koma falo.

Harami fa suturta mutum yake yi! A gaban Allah muke daidaita, ba a idon juna ba. Ko gawa da ƙyalle a kanta ake wanke ta. Me ya hana amsar nan zuwa sai yanzu? Tsawa kawai na iya, kamar mara hujja.

Na yi shekaru ban gan shi ba, jibi kuma zai koma. Na leƙa falo in faɗa masa, na tarar ya yi barci da yunwa cikin jallabiyata. Na ja bargo na rufe shi. Amma ban huce ba.