Buhun da Ke Rataye a Ƙofar Baba

Jandutsi, ta Jega,
Alhamis, 9 ga wata.

Zuwa ga Yayana Waliyyu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fa'iza da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a kasuwa, ya tsare ku da ruwan Fatakwal da aka ce bana ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, amma ta hana a kira shi ciwo, wai tsufa ne. Salima ta zo daga Aliero ta yi mana kwana biyu. Albasa tana rudu, rumbun karan da muke ajiye ta, shekaranjiya na juya ta na tsince ruɓaɓɓu, ba su cika kwando biyu ba. Baba kuma da sauƙi kamar yadda ake faɗa, sai dai ɓarin dama yana nan yadda ka bar shi, hannu da ƙafa ba motsi, magana kuwa sai ka kasa kunne sosai.

Na san za ka ce mene ne na takarda a zamanin waya. To ai kai ka jawo. Sati uku ke nan ina kira ba ka ɗauka, saƙo kuma ina ganin alamar ka buɗe ka yi shiru. Shi ya sa na ba Maiwada direba wannan, tunda gobe zai ɗauko lodin albasa zuwa wajenku, na kuma roƙe shi ya tsaya a kanka har sai ka karanta. Abu na farko, ka yafe mini maganar da na faɗa maka a tashar Jega. Na ce ka saba gudu, na faɗa da ƙarfi gaban mutane, kai kuma ka shiga mota ka tafi. Raina ne ya ɓaci, Yaya. Jakata tana ɗaure a ɗaki, na riga na yi sallama da kowa, sai ga wanda ya zo ya karɓe ni yana komawa bayan kwana uku.

Ban manta abin da ka gani ba. Ka bar kasuwarka ka taho don ka zauna da Baba wata shida, ni in tafi Abuja wajen masu kamfanin zanen nan da suka ba ni gurbin koyon aiki. Ka shiga ɗaki da buta da tawul, Baba ya juya fuska bango. Ya ƙi ci ya ƙi sha don kada buƙata ta kama shi a hannunka. Rana ta biyu da la'asar abin ya fi ƙarfinsa, ya jiƙa shimfiɗa bai kira kowa ba, kai ka gani, shi ma ya san ka gani, ya yi hawaye. Ka ɗauka ƙi ne. Wallahi ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, kai ma ka san ta fiye da kowa. Tun da aka yaye ka aka kai ka wajen Kaka Gudiya a Maiyama, shekara talatin da huɗu bai taɓa kiran sunanka ba, sai dai ya ce na Maiyama. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da kai a zaure, yaya za a yi ka tuɓe masa riga? Mu ne muka yi wauta, ni da kai da Salima, muka shirya komai ta waya ba wanda ya tuna da wannan.

To ga ni nan. Inna ba ta iya ɗaga shi, Salima 'ya mace ce kuma tana gidan miji, bare kuwa Baba ya rantse ba zai ga tsiraicinsa ba. Saura ni, auta, wanda ba a jin kunyarsa. Da safe in ɗaga shi, in yi masa tsarki da wanka, in juya shi kafin azahar don kada baya ya yi gyambo, in sake juya shi kafin la'asar. Ko Jega na shiga sayen magani, ina kallon agogo nake tafiya. Wata goma sha ɗaya ban yi nisan da ya wuce awa uku da wannan ɗaki ba. Ina son Baba, Allah shi ne shaida, amma akwai ranar da nake tsayawa bakin titi ina kallon motocin da suka nufi Kontagora, hanyar Abuja, har sai idona ya yi zafi. Mutanen Abuja sun yi mini kara sun ɗaga ranar sau ɗaya. Yanzu sun ce Litinin ashirin ga wata, in ban iso ba za su ba wani, kuma ban ga laifinsu ba.

Bari in gaya maka abin da ya faru bayan tafiyarka, amma sai na fara da Mai Buhu, don na san ba ka taɓa buɗe ko ɗaya daga littattafan da nake zanawa ba, kana dai cewa madalla. Ka tuna tsofaffin littattafan zane da kake tsinto mini a kasuwar Jega wajen masu gwanjo? Jarumai masu tashi sama, masu ɗaga mota da hannu ɗaya, harsashi ba ya shigarsu. Ina yaro na so su, da na girma sai suka gundure ni. Wanda ba abin da zai same shi, ina abin a yaba don ya shiga wuta? Shi ya sa nawa jarumin na yi shi ɗan dako a kasuwar albasa ta Aliero. Ba laya, ba ƙarfin aljani, ko keke ba shi da shi. Abin da ya iya kawai ɗaukar kaya. In ya ji wani yana cikin wahala, sai ya kifa buhun algarara a kai, mai huda biyu ta wajen ido, ya je ya goya mutum ya kai shi inda za shi.

Kuma ba mutumin kirki ba ne can can. Ga zuciya, ga tsoron kare, ga makara. A littafi na biyu ɓarayin albasa sun lakaɗa masa duka sun tafi da kayansu, bai kama ko ɗaya ba. A na uku ruwa ya yanke hanya, ya goyo wata tsohuwa zuwa asibiti, a tsakiyar hanya tsoro ya kama shi ya ajiye ta gindin bishiya ya ruga. Sai da ya yi nisa kunya ta dawo da shi. Na zaci mutane za su tsane shi a nan, ashe nan ne suka fi so. Ɗaliban jami'a suna ta tura hotunan ta waya, har ya kai ga mutanen Abuja, kuma matar da ta kira ni ta ce wannan shafin ne ya sa suka neme ni. Ta ce masu tashi sama sun yi musu yawa, wanda ya gudu ya dawo suke nema.

Kwana huɗu da tafiyarka na zauna gefen gadon Baba ina zane, ina jin haushinsa, ba zan ɓoye maka ba. Sai ya miƙo hannun hagu ya ja littafi na huɗu. Shi da ya sha ce mini wannan aikin banza ne, in kama fartanya. Ya ce in karanta masa. Na karanta a daddafe, ina nuna masa hoto ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo inda kare ya kori Mai Buhu ya haye rudu, Baba ya yi dariya har ya ƙware, dariyar farko tun da ya kwanta. Ya tambaye ni ko wannan mutum yana da wani asiri, na ce babu. Ya ce to me yake taƙama da shi, na ce baya kawai. Ya jinjina kai ya ce in ci gaba.

A ƙarshen wannan littafin akwai shafi ɗaya tak da Mai Buhu ya cire buhun. Ya zauna bayan rudu shi kaɗai, gumi ya jiƙa shi, fuskarsa a fili. Da muka kai nan Baba ya dafe shafin ya hana ni juyawa. Tun ranar littafin yana ƙarƙashin matashinsa, in na shigo sai in same shi ya buɗe wannan wuri yana kallo. Ban gane ba sai da Salima ta zo. Ta duba sau ɗaya ta yi salati, ta ce ai wannan Yaya Waliyyu ne. Na karɓa na duba. Ga tabon girar hagu na faɗuwarka daga jakin Kaka, ga wushirya, ga yadda kake karkata kai in ranka ya ɓaci. Wallahi tallahi ban yi da niyya ba, hannuna ne ya zana fuskar da ya sani. Wato mutumin da bai taɓa iya kallonka ba, sati biyu ke nan yana kallonka daga safe har yamma.

Ranar Lahadi ina shafa masa mai a ƙafa sai ya tambaye ni dalilin da ya sa Mai Buhu yake rufe fuska, tunda ba ɓarawo ba ne. Na ce don kada wanda ya goya ya ji kunyarsa, ko su haɗu gobe a kasuwa mutum ya rasa inda zai sa ido. Haka na tsara labarin tun farko, ban kawo komai a raina ba. Baba ya ce lallai wannan mutum yana da hankali. Daga nan ya kira Inna, ya ce in ba su wuri.

Washegari na dawo daga rudu na tarar Inna ta wanke sabon buhun algarara ta shanya. Da ya bushe ta ɗauki almakashi ta huda wuri biyu, ta bi bakin hudar da zare don kada ya warware, ta rataye shi a ƙusar da ke ƙofar ɗakin Baba. Na tambaye ta, ta ce ita ma aike ta aka yi, kada in dame ta. Ka san ita ma ba ta faɗin sunanka. Da na shiga, Baba bai kalle ni ba. Ya ce in ina da hanyar aika saƙo wajen Mai Buhu, in gaya masa akwai wani tsoho a Jandutsi da ke son a ɗaga shi, kuma ba zai tambayi ko wane ne ba. Yaya, na fita bayan gida na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban san ko abin zai yiwu ba. Wataƙila ka zo ka kifa buhun nan, ƙaiƙayi ya dame ka, Baba ya ji hannunka ya sake juyawa bango. Wataƙila kai ma ka ce girmanka ya wuce wannan wasa, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ba. In haka ta faru zan kwance jakata, in ci gaba da juya Baba da juya albasa har yadda Allah ya so. Amma ina so in tafi, Yaya. Ina so ƙwarai, har ina jin kunyar yawan son. Maiwada zai iso gare ka Lahadi ko Litinin, ka ga saura mako guda ke nan. Na saka maka littafi na uku a cikin ambulan, na huɗun ba ya fitowa daga ƙarƙashin matashi.

Ka gaishe mini da Fa'iza, ka ce na gode da haƙurin da ta yi wancan karon. Ka shafa mini kan Faruk da Hanan, ka ce Baba Ƙarami bai manta da zanen raƙumin da ya yi musu alkawari ba. Salima da maigidanta suna gaisuwa. Inna ta ce a gaida mutanen Fatakwal, ka san wa take nufi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Buhun yana nan a ƙusa. Jiya Baba ya sa na sauko da shi na gwada a kaina, ya duba ya ce a ƙara faɗin hudar, kan na Maiyama ya fi nawa girma.

Naka ƙane,
Haliru