Rasuwar Babban Jami'i Kuroiwa Shigeharu, Wanda Kamfanin Ƙanƙara Yake Neman Shafa Wa Kashin Kaji

Cikin alhini mai nauyi, da ɓacin ran da ba mu da niyyar ɓoyewa, Ƙungiyar Ma'aikatan Lantarki ta Gaɓar Nagihama take sanar da 'ya'yanta, da masuntan gari, da sauran jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar dattijonta, tsohon Mataimakin Shugabanta, kuma Babban Jami'in Kula da Na'urorin Kare Tsawa, Kuroiwa Shigeharu, wanda akwatin lantarki ya fashe masa a fuska ranar Litinin da hantsi, a rumbun sanyaya kifi na Kamfanin Ƙanƙara na Shiomine.

Sama da shekara talatin marigayin ya yi yana bin na'urorin da ke shanye ƙarfin aradu kafin ya ƙona injuna, a wannan gaɓa da tsawar hunturu ba ta sauka sai da garken kifi a bayanta. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha faɗa, domin bai yarda a wuce akwati ba sai an tsaya, an nuna 'yar tagar na'urar da yatsa, an faɗi launinta da babbar murya: kore lafiya, ja ta ƙone. Mutum ne mai tsantseni a aiki da ɗan banzan tsauri, kuma haka muke son sa.

Abin da ya kashe shi ba tsawa kaɗai ba ce. Marigayin yana ƙauyensu wajen addu'ar cikar shekara ta mahaifiyarsa aradu ta ƙona na'urorin rumbun, tagoginsu suka koma ja. A makon da hakan ta faru ne manyan kamfanin za su zo rangadi daga hedikwata, shi kuwa Manajan Rumbu, Mai Girma Hirabayashi Norio, ya ga abin kunya ne baƙi su ga ja a ƙarƙashin kulawarsa, sai ya sa aka manna koriyar sitika a kan kowace taga. Baƙi suka yaba, aka yi ta rusunawa, aka ci kifi, aka watse. Da wuta ta ɗauke ranar Litinin, kamun masunta yana shirin lalacewa, marigayin ya je, ya nuna da yatsa, ya ce kore, ya buɗe akwatin, sai ya fashe. Abokan aikinsa biyu sun ji shi da kunnensu, kuma su ne suka ɓare sitikokin daga baya.

Duk da haka kamfanin bai ji kunyar idon jama'a ba, ya fitar da sanarwa cewa marigayin ne ya yi sakaci bai duba ba, don ya san gawa ba ta musu. Ga mari ga tsinka jaka! Muna shaida wa Shugaban Kamfani da muƙarrabansa cewa babu ɗan ƙungiyarmu da zai sake buɗe akwati ɗaya a rumbunansu har sai sun janye wannan ƙarya a bainar jama'a, ko da kuwa ƙanƙarar duniya za ta narke.

Ga mai ɗakinsa, Uwargida Tomie, da 'yarsa Kanae, da jikokinsa, muna miƙa ta'aziyyarmu, muna yi musu addu'ar haƙuri da ƙarfin zuciya, shi kuma ransa ya huta.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a haikalin unguwar masunta, kowa ya zo. Sai dai Shugaban Kamfani ya aiko yana neman a ba shi damar karanta jawabin bankwana a gaban gawa, Uwargida Tomie kuwa ta ce mu amsa masa a nan: wanda ya kira mijinta mai sakaci ba zai ko ƙona masa turaren jana'iza ba, balle jawabi. Ya zauna a ofishinsa.

Sa hannu:
Tsurumaki Yoshie
Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Ma'aikatan Lantarki ta Gaɓar Nagihama